Ka Sauke Hoton Baba Daga Bangon Nan

Ya hasken idona, sanyin raina, inuwata da rana tsaka, Mai Kyamarata,

Ina gaishe ka da kewar da ta fi ƙarfin takarda. Jiya na leƙa zauren da kai da abokanka za ku baje hotunanku ranar Asabar, ban same ka ba, amma na ga bangon, na dawo gida abinci ya gagare ni.

Sannunku da aiki, masu idon gani! Wai kuna nuna rayuwar yau da kullum. To ashe duk faɗin garin nan babu mai takalmi ƙafa biyu, babu bangon da aka yi wa fenti, babu tsohuwar da ta taɓa dariya? Dogon abokin nan naka mai hular sanyi ko ana zafi, na gan shi tsaye gaban hoton yagaggen labule yana jinjina kai, wai "akwai magana a nan". Akwai magana kam, ta tela. Kun wanke launi daga komai, kun bar baƙi da fari, sai ka ce mu talakawa ba mu san ja da kore ba.

Ka tuna ranar da ruwa ya koro ka shagon Baba, ka shigo ka rungume jakar kyamara kamar jariri, kai kuwa jiƙe sharkaf? Ka tsaya tsakanin matattun rediyoyi da ƙaurin dalma, na miƙo maka tawul, ka kasa haɗa ido da ni. Ran nan na so ka, yau ma ina son ka, son da ke hana ni jin kiran Umma har sai ta haɗa da jifa da mafici. Na ɗauka mai wannan kunyar zai san kunyar wani.

Da ka ce za ka ɗauki Baba hoto, kwana ya yi yana shiri. Ya share shago, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya zauna ƙiƙam yana murmushi. Ka ƙyasta kyamara don ka sallame shi. Ashe, rabin raina, zamanka na yini guda a shagon nan fako ne. Ka jira ya tuɓe rigar, rana ta yi, gyangyaɗi ya sace shi kan benci, daga shi sai singileti mai huji, baki sake, tabarau ɗaure da waya ya zamo kan hanci. Shi ka zaɓa, ka faɗaɗa shi ya kusa kai ƙofa, ka rubuta "Gajiya" a ƙasa. Wace gajiya? Mutum ya ci ya ƙoshi ya ɗan runtsa.

Na san abin da za ka ce, wai hoton da mutum ya shirya masa ƙarya ne. Rigar nan tasa ce, da guminsa ya ɗinka ta, murmushin ma ba aro ya yi ba. Ku ne dai ba ku yarda mutum na gaske ne sai kun kama shi a yanayin da ba ya so a gan shi. Naka mahaifin ma ai yana gyangyaɗi, a kujerar falo mai laushi, ban ga ka rataye shi ba.

Hoton ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba, ni kaina na daɗe a gabansa. Baƙi za su yaba, su ce kana da ido, mai yiwuwa har wani ya saya. Amma mutumin da ke ciki shi ne wanda za ka durƙusa wa ka nemi aurena. Ina roƙon ka, abin ƙaunata, ka sauke shi, ko da wurin zai zauna wayam.

Baba bai san komai ba. Ya gaya wa mai walda da mai faci cewa yaron nan ya ɗaukaka shi, har sun yi maganar motar da za su shiga zuwa zauren ranar Asabar. Da safen nan ya ce mini, "Tambayar mini ɗan nawa, in na zo da su ba damuwa?" Na ce gobe za ka zo shago ka faɗa masa da bakinka.

Taka, yau da gobe da har abada,
'Yar mai gyaran rediyo