Motar Mijinki Ta Yi Fiffike

Ladi, don Allah ajiye abin da kike yi ki saurare ni yanzu. Ina gajiya, ya yara, ya maigidan naki, ya zafin Legas? Maƙwabciyata ce ke rubuta min.

Motar nan da mijinki ya bar min amana, ƙaninki Sabi'u ya kai ta wajen fanel bita a Bukuru. Sun cire bamba sun sa wata mai jan ƙasa, sun huda murfin but na baya sun dasa mata fiffike kamar za ta tashi. Na ce, "Kai, motar suruki ce fa!" Ya ce, "Inna, gyara na yi masa, shi ake yayi yanzu." Yanzu ko kwalbatin ƙofar gida ba ta iya hayewa, a titi take zaune, yaran unguwarmu Rikkos na hawa fiffiken. Na gaji, Ladi. Da wane ido zan dubi bawan Allahn nan?

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Amma kar ki tari mijinki da zancen tukuna. Ki fara gaya wa wansa Alhaji Garba, maganarsa kaɗai mijinki yake ji.