Garkuwar Jikin Yaya Sani

Daren Talata, Lugbe

Likitan da ke duba Yaya Sani a cibiyar masu korona ya kira ni bayan la'asar. Ya ce, "Hajiya, ƙwayar cutar ta ragu. Yanzu garkuwar jikinsa ce ta haukace, ta kumbura masa huhu har ruwa ya taru." Wai maganin kwantar da ita suke ba shi.

Ni kuwa sati biyu ina ɗura masa citta da tafarnuwa kafin a kai shi can, don garkuwar ta ƙara ƙarfi! Na ce, "Likita, ni na jawo?" Ya ce sam, ba ruwan citta. Na yi godiya, amma na zauna a ƙasan kicin, ina nan har aka kira magariba.