Abin da Malama Ba Ta Koya Mana Ba

Harlingen, 9 ga Nuwamba

Yaya Zulmira,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya mutanen Mindelo? Ni lafiya lau, ina cin abinci, ina zuwa ajin Holanci kamar kullum.

Makon jiya malamarmu ta koya mana blijven, wato zama. Blijf, bleef, gebleven. Ta ce asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin abin da ya rage. Na haddace tsaf.

Ranar Alhamis jirginsu na kamun kifi ya dawo babu mijina Sjoerd. Surukata ta shigo, ko rigar ruwa ba ta cire ba, ta ce, "'Yata, Sjoerd gebleven." Na ce, "Ya zauna ke nan? Sai yaushe? Ga miyarsa kan wuta." Ta rufe fuska. Ashe haka masunta ke faɗa idan teku ta ci mutum.

Ban yi kuka ba tukuna, kada ki damu. Ki aiko min takardar haihuwata, ofishin shige da fice na nema. Kada Mama ta ji sai ta warke, Allah Ya ba ta lafiya.

Surukata ta ce in koma gidanta, na ce to. Takalman Sjoerd na bakin ƙofa, duk wanda ya zo gaisuwa tsallake su yake yi.

Ƙanwarki,
Filomena