Na Sauya wa Ƙaramar Kwamfutar Baba Manhaja

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sa albarka a nemanka, ya ƙara rufa asiri, ya sada mu da alheri. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma sharar tsakar gida duk da mun hana ta. Baba ma jiki da dama, hannun hagu ya ƙara ƙarfi, yana zama a kujera har azahar, sai dai harshen bai saki ba tukuna.

A kansa nake son ba ka labari. Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, 'yar kwamfutar nan da ka bari ita ce bakinsa. Ba ta da nauyi, yana ɗora ta bisa matashi a cinya, ya riƙa dannawa da yatsa ɗaya muna karantawa. To, a 'yan watannin nan ta zama sai a hankali. Ya danna harafi, ya jira, ya jira, kafin ya fito, wani lokaci ma ta daskare yana tsakiyar magana. Ranar da Kawu ya zo dubiya, Baba ya so ya gaya masa wani abu, ta tsaya cak, har Kawu ya gaji da zama ya yi sallama. Baba ya rufe ta, ya ture ta gefen gado, ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai ƙara neman ta ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban aji ya koma nuni da hannu, abinci ma sai Inna ta yi da gaske.

Na kai ta wurin mai gyara na bakin kasuwa. Ya ce ba abin da ya lalace, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Shawararsa a sayi babba. Amma babba ba za ta zauna a cinyar Baba ba, kuma yatsansa ya riga ya san mazaunin kowane harafi a wannan. Sai abokiyar aikina a ɗakin gwajin jini, wadda muke kira Injiniya saboda son kwance-kwancen kaya, ta ba ni labarin wata manhaja, Linux. Kyauta ce, mutane daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina ta, kowa na iya ɗauka ya gyara, kuma akwai marar nauyi da ta dace da irin waɗannan ƙananan. Ta zuba mini ita a filash, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, ta nuna mini yadda ake yi. Na roƙe ta ta zo ta sa mana, ta ƙi, wai ranar da abin ya kakare ni ce a gidan, ba ita ba. Na ga gaskiyarta.

Maigidana, Baban yara, kuwa dariya ya yi ta yi, wai ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in na kashe ta sai in shirya zama bakin Baba da kaina. Na ce masa matambayi ba ya ɓata. Na zauna na yi wa Baba bayani cewa za a share duk abin da ke ciki, amma sai na kwashe rubuce-rubucensa da hotunanmu zuwa wani filash tukuna. Na kwashe, na buɗe su a wurin aiki na tabbatar suna nan. Da na gaya wa Baba haka, ya turo mini kwamfutar da hannunsa mai lafiya.

Ranar Asabar da hantsi na baje a teburin ɗakin Inna, na jona caja don batirin ba ya riƙe wuta. Akwai maɓallin da ake dannawa da zarar an kunna don ta tashi daga filash, ya yi ta kuɓuce mini kafin na kama shi. Na fara gwada ta ba tare da na girka ba, na ga allo da madannai duk suna aiki. Da ta tambaye ni ko a share komai, na yi bisimilla na amince. Inna na zaune a bakin gado tana jan carbi kamar an shiga da mutum tiyata, addu'arta ɗaya, kada a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Matsala guda ta fito, ta ƙi ganin intanet. Ban tsorata ba, ranar Litinin na tafi da ita wurin aiki, na jona mata igiyar intanet, ta sauko da abin da ya rage, shi ke nan. Na ƙara girman rubutu, na sa ta riƙa buɗewa kai tsaye a shafin da yake rubutu, na kuma saita mata haruffanmu masu lanƙwasa.

Yaya, da ma kana nan. Na ɗora masa ita a cinya, ya danna harafi ɗaya, ya fito nan take. Ya ɗago ya dube ni. Da na nuna masa inda ƙ take, sai da ya cika layi guda da ita. Sannan ya rubuta cewa an daɗe ana sa shi rubuta kasa inda yake nufin ƙasa, shi da ya koyar da rubutu, kuma shayin da ake ba shi sukari ya yi yawa, ba wanda ya tambaye shi. Inna ta yi dariya har da hawaye. Ya sa aka kira Kawu, ashe abin da yake son gaya masa shi ne ya daina zuwa masa da fuskar ta'aziyya, yana nan da ransa. Baban yara yanzu tasa kwamfutar yake lallaɓa ni in duba masa.

Saboda haka ka bar maganar aiko da wata, wannan ta ishe shi. Abin da nake so da kai, na buɗe masa akwatin imel, zan turo maka adireshin ta waya. Ka riƙa rubuto masa kai tsaye, ba ta hannuna ba. In amsa ta yi jinkiri ka yi haƙuri, yatsa ɗaya ne, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ka gaishe mini da Anti, da yaran, Babban Mutum da takwarar Inna mai rigima. Inna, Kawu, Goggo da Auta duk suna gaishe ku. A kan kwamfutar nake rubuta wannan, Baba na gefena, ya ce in miƙo masa zai sa nasa, kuma kada in gyara masa komai. Ga shi:

Ɗana, ina nan. Na ƙosa in ji daga gare ka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam, taka ƙanwa,
Maman 'yan biyu