Wasan da Ban Mayar Maka Ba

Zuwa ga Ummaru ɗan Kawu, taubashina, a duk inda wagga takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar zumunci da tambayar lafiyarka, ina fatan kana cikin tsarin Allah, kana samun abin sa wa baki da wurin miƙe haƙarƙari. Ni ce Luba, ɗiyar Gwaggonka, daga nan Wurno. Mutanen gida suna nan da rai. Ba zan ce maka lafiya lau ba, don ƙarya zan yi.

Yau kwana arba'in da uku lambarka a kashe. Shafinka na sada zumunta kuwa an rufe shi, kuma ka san hannun wa ke ciki. Shi ya sa na rubuta a nawa shafin, inda kowa ke gani. Duk wanda ya san inda kake, don Allah don Annabi shi karanta maka ita daga sama har ƙasa, kada shi tsallake ko layi ɗaya. Yanke magana ne ya kawo mu inda muke.

Ka tuna shekarar da Inna ta kai ni Rara lokacin yankan gero? Ban fi shekara bakwai ba. Ka ɗaura mini igiyar kaba a hannu, kana ja na cikin gida kana shela wa zai sayi baiwa. Kawu yana zaune gindin rumbu ya taya dami ɗaya, ka ce albarka. Na fashe da kuka. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ja ni gefe ta ce, "Ke, ba a yi wa taubashi kuka. Rama akai." Ranar ta koya mini cewa kai ɗan namiji ne, ni ɗiyar mace, za ka kira ni baiwa har mu tsufa, ni kuma aikina in mayar maka da wadda ta fi zafi.

Kuma na iya, kai shaida ne. Amsata ba ta taɓa sauyawa ba: "Kai ko kyauta anka ba da kai sai an haɗa da jaki, don jakin za a karɓa." Ranar da za a kai ni ɗaki ka tare mota a bakin gari, ka ce ba a fita da baiwa ubangidanta bai sallama ba, sai da abokan ango sunka cika maka hula da goro. Ina cikin lulluɓi ina kuka, amma sai da na leƙo na faɗa maka maganar jakin. Shekara arba'in muna haka, ko sau ɗaya ban taɓa yarda ni baiwarka ce ba.

Da siyasa ta zo ta raba gidanmu biyu, mu ba ta raba mu ba da fari. Kai ka yi kansila a jam'iyyarku can ƙaramar hukumar Rabah, ni anka naɗa ni shugabar mata ta mazaɓarmu a tamu. Wasu 'yan'uwa sunka daina zuwa sunan juna. Zauren waya na dangi ya koma wurin jifa da baƙar magana, har Kawu ya sa anka fitar da shi. Amma kai in na saka hotona da atamfar jam'iyya sai ka rubuta a ƙasa cewa baiwarka ta sha zanen aro, ni kuma in ce hular taka ta fi kanka hankali. Mutane su yi ta dariya, naku da namu.

Sai zaɓe ya matso, dariya ta yi wuya. Anka fara yi mini gori a wurin taro, wai shugabar mata guda tana raha da ɗan adawa a bainar jama'a, wa ya san abin da take kwasa tana kai masa. Abin ya ci mini rai. Ka san ni da zuciya, kuma wallahi kujerar nan ta shiga kaina fiye da yadda nake nunawa.

Ran nan na rubuta cewa jibi muna hanyar Goronyo, taron mata. Ko awa ba a yi ba sai ga ka. Zan maimaita maganarka yadda take, don masu karatu su ga abin da anka ɓoye musu. Ka ce: "Baiwata, bi sannu. In na tare ki a hanyar Goronyo sai na kama ki in sayar, ko buhun albasa ɗaya anka taya na sallama." Ka jera fuskokin dariya har huɗu.

Na gani, Ummaru. Na yi dariya ni kaɗai a bakin tukunyar turara shinkafa. Har na fara rubuta maganar jakin, sai na tuna gorin da akai mini, na goge. Na aje wayar na ci gaba da aikina. Karo na farko ke nan tun ina shekara bakwai da ka jefo ban rama ba.

Sauran ka san shi, amma bari in faɗa don waɗanda ba su sani ba. Ranar taron 'yan bindiga sunka tare wata mota a hanyar nan sunka shiga daji da mutane. Ba tamu ba ce, mu mun riga mun wuce. Kafin mu dawo gida, hoton maganarka ya cika wayoyi. An yanke "Baiwata", an yanke albasa, an yanke dariya. Abin da ya saura shi ne in na tare ki a hanyar Goronyo sai na kama ki in sayar, da sunanka da hotonka a sama. A ƙasa kuma ba amsata, don ban ba da ita ba. Da maganar jakin tana nan, ko yaro ya gani ya san wasan taubasai ne. Shirun da na yi shi ya mai da wasanka barazana.

Kashegari shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa ya zo har gida. Ya ce magoya baya sun yi ta danna ƙara a kan shafinka, amma ƙarar wadda anka yi wa maganar ta fi nauyi. Ya ce ba wani abu za a yi maka ba, bakinka za a rufe na kwana bakwai, don ka dame mu da surutu. Ka san mi na raya a zuciyata? Na ce yawwa, ga ramuwar da ta fi ta jaki. In rufe wa Ummaru baki mako guda, ranar da anka buɗe shi in ce masa ina ubangidan yake, ga baiwa ta ɗaure shi. Wallahi tallahi da murmushi na danna. Na ɗauka wasa nake mayar maka.

Ba kwana bakwai masu shafin sunka yi maka ba. Rufe shi sunka yi gaba ɗaya, da 'yar sanarwa cikin Turanci wai ka yi barazanar cutar da mutum. Daga nan magana ta sauya. Jiya ana cewa an ce, yau ana cewa ai kamfanin mai shafin da kansa ya bincika ya tabbatar, su da suke da na'urori ba za su rufe mutum a banza ba. Kalmar nan ta infoma ta manne maka, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kai kuma ba ka da inda za ka tsaya ka ce ba haka ba ne, don wurin da mutane dubu suke jin muryarka shi anka toshe. Ni na toshe shi.

Ka kira ni sau tara a rana ɗaya. Ina kallon sunanka yana haske a waya. Ka turo saƙon murya, har yau yana nan, ka ce, "Luba, layi ɗaya kawai, ki ce wasa ne." Ko baiwata ba ka ce ba. Shugaba kuwa ya riga ya gargaɗe ni in yi shiru sai bayan zaɓe, wai in na buɗe baki na ba jam'iyya kunya. Na ce bari ƙura ta lafa, mako biyu ba wani abu ba ne. Kwana uku bayan nan 'yan sa-kai sunka je Rara suna tambayar ka. Matarka Hassi ta ce kana gona anka je anka faɗa maka, ko gida ba ka biyo ba. Ko takalmin kirki babu a ƙafarka.

Don mi na yi haka, Ummaru? Mi kujerar shugabar mata ta taɓa ba ni in ba atamfa da ciwon maƙogwaro ba?

Na yi ƙoƙarin gyarawa, ko da yake na makara. Na rubuta wa masu shafin da Hausa, shiru. Na je wurin wani malamin sakandare maƙwabcinmu ya rubuta mini da Turanci. Da munka zo kan kalmar taubashi ya aje biro, ya ce su ba su da ita, iyaka shi ce kai ɗan kawuna ne. Ya ce in ya rubuta cewa kana kirana baiwa tun muna yara kuma ina jin daɗi, sai abin ya ƙara muni a wurinsu. Amsa ta zo bayan kwana biyu, wai sun sake dubawa, hukunci yana nan. Ba suna, ba lamba, ba wanda zan kama wa ƙafa in roƙa. Ban ma sani ba ko mutum ne ya karanta.

Abin da ke ƙona mini rai, akwai mutanenmu da naku da ke rubuta abin da ya fi wanga muni kullum, da gaske suke ba wasa ba, kuma shafukansu suna nan daram. Bara da anka rufe na wani ɗan takararmu, ni ce kan gaba wajen ihun an yi mana zalunci, kamfani na 'yan adawa ne. Da anka rufe naka, matan da nake shugabanta guɗa sunka yi a ƙofar gidana. Ban hana su ba.

Makon jiya na je Rara. Geronka ya nuna, 'yan'uwa ne sunka yanke, an jibge shi ba a ko ɗaure ba. Hassi ta kawo mini ruwa ba ta dube ni ba. Na durƙusa gaban Kawu ina jira shi zage ni, ko shi ɗaga sanda, da na ji sanyi. Sai ya amsa gaisuwata da ladabi, ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya shugaba." Mutumin da tun ina yarinya bai taɓa kirana da komi ba sai baiwar gida. Ya rame, Ummaru. Da rana tsaka yana zaune bakin zaure yana duban hanya, duk babur da ya tsaya sai ya yunƙura.

Na je gaban mai gari, anka kira shugaban 'yan sa-kai. Na rantse musu da Alƙur'ani, na nuna musu maganarka cikakkiya. Dattawan wurin duk sun san wasan taubasai, wani har ya yi murmushi da ya ji batun albasa. Amma shugaban ya ce ko shi ya yarda, yaransa da dangin waɗanda anka sace ba a zauren mai gari sunka ji labarin ba, a waya sunka gani. Ya ce ba zai iya ɗaukar alkawarin ranka ba sai na warware a inda anka ƙulla, da sunana, kowa ya gani.

To ga shi. Ni Luba, wadda anka ce an yi wa barazana, ina shaida wa duniya Ummaru taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya sunka fito. Wasa ya yi mini irin wanda yake yi shekara arba'in. Bai san komi ba game da motar nan. Ni na kai ƙararsa, kuma ƙarya na kai. Atamfar jam'iyya na naɗe ta na aika wa shugaba da safen nan, shi nemi wata shugabar. An ce mini za a taru a danna wa nawa shafin ƙara, tunda na maimaita maganarka. Su danna. Ku dai da kuke karantawa, ku ɗauki hoton wagga takarda yanzu kafin a sauke, kuma ku ɗauka duka.

Tsorona ɗaya, kada ya zama na makara. Wani ya ce ya gan ka a tashar Illela, wani ya ce ka yi kudu, wani ya ce daji ka yanka ranar nan, kuma kowa ya san su wa ke cikin dajin. Ba na roƙon ka yafe mini yanzu. Ka kunna wayar ko na minti ɗaya ne, ka kira Kawu shi ji muryarka. Ni ko ba ka sake yi mini magana ba har abada, na ɗauka.

Ya Allah, Kai ka san inda bawanka Ummaru yake, mu ba mu sani ba. Ka tsare gabansa da bayansa, Ka kau da idon azzalumai daga kansa, Ka wanke shi a zukatan waɗanda sunka zarge shi. Waɗanda anka shiga daji da su, Ka mayar da su ga iyalansu. Ka ba Kawu tsawon rai shi ga ɗansa ya shigo zaure da ƙafarsa. Ni kuma Ka gafarta mini, don na zalunci ɗan'uwana ina dariya. Amin.

Saura amsar da nake riƙe da ita tun ranar nan. Na zauna in rubuta maka maganar jakin, hannuna ya ƙi. Ka ci, Ummaru. Ka dawo ka tare ni a duk hanyar da ka ga dama, ga hannuna, ka kawo igiyar kabar. Ko ba a taya buhun albasa ba, ka sallama.

Wassalam.

Baiwarka,
Luba.