Duk Garin da Na Je, Tayoyi Nake Gani

Kawu Barau,

Don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle. Ni malamin dabbobi ne. An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa karar shanu ta Maigatari, an ce in kama aiki bayan ƙaramar salla. Inda zan ajiye iyalina ne na rasa.

Bara da kaka gingimari ta take ɗana Ubale a ƙofar gidanmu a Fagge. Ƙwallon tsumma ya bi. Tun ranar matata Rahamatu ba ta ƙara barin ƙanwarsa Asama'u ta leƙa ko zaure ba, ni ma ban ce ta bar ta ba. Yarinyar har ta daina tambaya. Ni kuwa ina ci, ina sha, ina zuwa ofis, amma ba na jin komai. Da labarin canjin ya zo, ban yi murna ba, ban yi baƙin ciki ba.

Ƙaramin gari nake so, inda kowa ya san ɗan kowa, da makaranta, da rijiya mai ruwa, yaro ya fita ya dawo. Na shiga motar 'yan kasuwa na je Maigatari ranar Alhamis. Shanu, raƙuma, 'yan Damagaram, manyan motoci ba masaka tsinke. Na tsaya ina kallon tayoyi har la'asar. Na bi 'yan koli zuwa Gumel, haka. Gagarawa da ake ta yaba mini, na bi masu awon hatsi, can ma akori-kura ce ke shiga da fita. Sule Tankarkar ko sauka ban yi ba. Yanzu ina tunanin in kai su gidan iyayen Rahamatu a nan Kano, in tafi ni kaɗai. Ban gaya mata ba. Dama ba ma magana sosai.

Wanda Ya Rasa Masauki, Fagge

Ɗana,

Allah ya sa Ubale mai ceto ne, ya ba ku haƙuri. Ba wanda zai ga laifin tsoronka.

Amma dubi yadda ka yi binciken naka. 'Yan kasuwa ka bi, su kuwa ba sa zuwa gari sai ranar kasuwarsa. Gari huɗu ka lissafa mini, alhali kasuwa huɗu ka gani! Da ka kwana a Maigatari, da washegari ka tarar da awaki kwance inda ka bar motocin nan.

Ka koma, ka tafi da Rahamatu, ku kwana. Ka gaida mai unguwa, ka ce gida kake nema can cikin gari, nesa da tasha da kara. Ita ta shiga wurin mata ta ji zancen ruwa da makaranta, don abin da ba za a gaya maka ba ita za a gaya mata. Gumel ta fi asibiti, Gagarawa ta fi shiru, amma duk biyun za su mai da kai baƙo a gidanka, kullum kana kan hanyar zuwa aiki. A Maigatari kuwa, ranar Alhamis Asama'u ta zauna a gida, sauran ranakun nata ne.

Gidan iyayenta yana da amfaninsa, uwa tana sanyaya zuciya. Sai dai titunan Kano ne dai, kai kuma kana can ba mai ce maka sannu sai shanu. Wannan shirun naku ba ya warkewa daga nesa.

Ubale, Mai shi ya karɓi abinsa. Asama'u tana nan bayan ƙyaure tana jiran mai buɗe mata. Allah ya nuna maka ranar da za ta dawo gida ƙafa buɗu-buɗu, uwarta na yi mata faɗa.

Kawu Barau