Wa Ya Riƙe Maka Fitila?

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon idon nan da ka ce yana damun ka? Mu nan lafiya lau, hawan jinin Babanku ya sauka, Yayarka da yaranta duk suna gaishe ka.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Na san halinka ne, na kuma san nawa. In na kira ka, kafin in kai ga magana ka sa ni dariya, sai in ajiye waya ban faɗi abin da ke raina ba. Takarda kuwa ba a yi mata barkwanci. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fi sabawa da allo da tawada.

Ranar Asabar da aka tashi daga Islamiyya, matar mai kemis ta ja ni gefe tana danne dariya, ta ce in zo in ga ɗana ya zama tauraro. Ta miƙo mini wayarta. Sai ga ka zaune a kujera mai juyawa, fitilu ja da shuɗi a bayanka, kana jera wasannin gem goma na tsohuwar na'urarka da ka fi so, kowane mako ɗaya, daga na goma zuwa na ɗaya. Allah ya sani na ji daɗi. Har na ce mata ta ƙara sauti. Da na sani da ban ce ba.

Na ga ka ɗauko mayafi ka yafa, ka maƙe murya, ka ɗaga yatsa kana cewa a kashe akwatin Shaiɗan. Ka ce haka mahaifiyarka take kiran na'urar, wai har rufe ta nake da ƙyalle don kada aljanun ciki su fito su faɗa tukunya. Matan da suka taru a kaina suka yi ta dariya, wata har da riƙe ciki. Ni ma na yi murmushi, don ban san inda zan ajiye fuskata ba. Tun daga ranar, duk wadda ta kawo mini ɗinki sai ta saci kallon ƙarƙashin talabijin.

Auta, ba na son in zalunce ka, shi ya sa na zauna na tsince maganarka kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ka ce ina zare waya in an kira salla. Gaskiya ne, ko yau ne ma zan zare. Ka ce na hana ka wasan 'yan faɗan nan da jini ke tsartuwa. Gaskiya ne. Ka ce ina kashe sautin waɗansu saboda kiɗa. Wannan ma ban musa ba. Amma bakina bai taɓa kiran ta akwatin Shaiɗan ba. Kafin ma Babanku ya sayo ta sai da na tambayi malaminmu, ya ce in babu caca kuma ba ta hana salla, wasa ne kamar kowane wasa. Ƙyallen kuwa riga ce na ɗinka mata da ragowar yadin labulen falo, saboda ƙura tana shiga ta sa faifai ya dinga tsayawa. Kai ka riƙe mini tef ɗin awo. Kai ka ce a yi mata aljihu a gefe na zuba faifai.

Ka manta ne, ko kuwa kana sane? Tambayar nan ta hana abinci daɗi a bakina. In mantuwa ce, da sauƙi.

Yayarka ta ce ka aiko a tura maka na'urar da rigarta, wai za ka nuna su ranar da za ka faɗi na ɗaya. Tana nan a kwalinta saman durowar kaya, babu abin da ya same ta. Amma ka dakata tukuna. Ba zan ɗauki abin da na ɗinka da hannuna in aika a ɗaga shi a gaban duniya a matsayin shaidar jahilcina ba.

Ka kula da sallarka, ka rage kallon haske ba ƙaƙƙautawa saboda idon. Allah ya yi maka albarka.

Taka,
Mama


Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da abokan aikinka. Maganin ɗigawar da na ce ka nema, ka samu? Mu nan sai godiya.

Saƙon muryarka ya iso, Yayarka ta kunna mini na saurara, na sa ta sake. Ka ce in kwantar da hankalina, Mama ta cikin shiri daban, Mama ta gida daban, kuma kowa a sana'arku yana ƙara gishiri. Na ji. Sai dai Mama ta cikin shiri ba ta bin layinmu zuwa kasuwa. Ta gida ce take bi, kuma ita yara suke nunawa da baki.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga na uku a jerinka ya fito, wasan nan na mutum biyu a cikin kogo, ɗaya ya riƙe fitila, ɗaya yana buɗe ƙofofi. Ka ce kai kaɗai ka gama shi, abin riƙewa ɗaya a hannunka, ɗayan kana danna shi da yatsun ƙafa, saboda a gidanku babu mai yarda ya taɓa. Har ka ɗaga ƙafar dama ka nuna musu. Auta, ƙafar nan ita ce ta karye a shekarar. Tana ɗaure cikin farin simintin asibiti tun daga cinya, ƙuda ma in ya sauka a yatsan ni nake kore maka.

Bari in tuna maka, tunda ka ce ni ce nake ɗaukar abu da zafi. Da ka faɗo daga katangar makaranta aka kwantar da kai a falo, abokanka sun yi ta zuwa da farko, daga baya suka ɗauke ƙafa. Ina kan keken ɗinki ina hango talabijin ta ƙofa. Mutuminka yana ta dukan ƙofar dutse a cikin duhu, mai fitilar yana tsaye can baya kamar gunki, babu mai motsa shi. Ka yi ta gwadawa har ka kifa kanka a matashi. Na ajiye rigar amaryar da nake wa baki, na wanke hannu, na zauna a tabarma na ce ka nuna mini inda ake dannawa. Ka ce hannuna ya yi tauri kamar na mai daka. A ranar na jefa mu rami ya fi a ƙirga, kana ta dariya har ƙafar ta yi maka zafi. Wannan ce dariyarka ta farko tun da ka faɗo.

Tunda jeri ake yi, ni ma ga nawa. Ban iya sunayensu na Turanci ba, da sunan da muka sa musu a gida zan kira su.

Na can ƙasa a wurina shi ne ƙwallo. Don kai kawai nake yin sa. Kullum ina zaɓen waɗanda wandonsu ya fi tsawo, kana cewa su ne suka fi kowa rashin iyawa, kuma har yau ban gane laifin da mai usur yake kama ni da shi ba. Sama da shi akwai Tubali, wanda ake jera abubuwan da ke faɗowa. Wannan kam aikin tela ne, yadda ake haɗa ƙyallaye kada a bar ɓaraka. Sai Tseren Mota. Da farko ina taka birki in na hango 'yan kallo a bakin hanya, kana ihu kana cewa ba mutanen gaske ba ne. Amma da hannuna ya faɗa, ka san yadda nake shan kwanar gadar nan. Na biyu shi ne Mai Gona. Kai ka fara shi, ka sayi kaji, da ka warke ka koma makaranta ka watsar da su. Ni na ci gaba da ba su hatsi tsakanin Azahar da La'asar, don na kasa barin abin da aka ɗauka amana, ko da na cikin talabijin ne. Na ɗaya kuwa shi ne kogon. Ba don ya fi kyau ba. Don a cikinsa in na yi nisa da kai sai ka kira ni.

Shekaranjiya na sauko da na'urar na jona ta. Ta yi tari kaɗan ta tashi. Kajin suna nan inda na bar su. Babanku ya shigo ya same ni, ya ce ashe yau an saki aljanun ke nan. Da ya ga fuskata sai ya ɗauki rediyonsa ya koma waje.

Ba yabo nake nema ba, kuma ban ce ka rushe sana'arka ba. Kalma ɗaya nake so ka faɗa a inda ka faɗi waccan: cewa ba haka aka yi ba. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, kada ka rage, kada ka ƙara.

Yayarka tana ganin na matsa maka. Wataƙila. Ka gaishe mini da maƙwabcin nan naka da ya kai ka asibiti kwanaki. Allah ya tsare, ya shirya mana ku.

Taka,
Mama


Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kana lafiya, da fatan idon ya yi sauƙi. Kowa a nan lafiya.

Na gani. Yayarka ta zo da wayarta tun da hantsi, ta zauna kusa da ni, ita ba shirin take kallo ba, fuskata take kallo. Na ga ka ninke mayafin ka ajiye. Na ji ka ce ka yi wa mahaifiyarka ƙarya, ita ce abokiyar wasanka, ita ta riƙe maka fitila. Ƙirjina ya buɗe, har na fara yi maka addu'a a zuci. Da ka tsaya a nan, Auta, da yanzu wata wasiƙar nake rubutawa.

Sai wani kiɗa mai sanyi ya taso a ƙarƙashin muryarka, ka ce na ɗayanka shi ne Tseren Mota. Ka ce kullum kai kake cinye ni, sai da ka girma ka gane cewa da gangan nake rage gudu a ƙarshe don ɗana mai karaya ya ji daɗi. Ka share ido ka ce uwa ke nan.

Yanzu matar mai kemis da ta yi mini dariya ta zo har ɗaki ta rungume ni tana hawaye. Malamarmu ta Islamiyya ta kawo ni misali a darasin tausayi, mata suna juyowa suna kallo na. Dariyar da aka yi mini a baya zan iya kiran ta jarrabawa in yi haƙuri. Amma yabo a kan abin da ban yi ba, in na yi shiru na zama abokiyar ƙarya. Na miƙe a gaban aji, ni da ba na ɗaga murya, na ce ba haka ba ne. Suka yi murmushi suka ce ku ji tawali'u. Ka ga inda ka kai ni? Da can ana yi mini dariya amma ana jin maganata. Yanzu ko na faɗi gaskiya ba mai karɓa.

Ban taɓa bari ka cinye ni ba, ko sau ɗaya. Ka roƙe ni ma wata rana kana kuka, na ce maka wannan yaudara ce, kuma ba zan yaudari ɗana ba ko a wasa. Ka yi fushi ka juya mini baya har aka yi Magariba. Washegari ka ce in kunna maka kai kaɗai, ka yi ta maimaita kwanar gadar nan, motarka tana faɗawa ruwa kana sakewa. Aka cire simintin ina cinye ka. Ka fara takawa da sandunan asibiti ina cinye ka. Ranar da ka wuce ni, da ɗan hancin mota ka wuce, ni kuwa na zuba duk abin da na iya. Ka fita tsakar gida da sanda ɗaya, ka ture bokitin wanki, ka je bakin ƙofa kana gaya wa mai gyaran takalmi da bai san ma me ake ciki ba. Ina zaune a tabarma ina jin ka, ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba.

A shekarar nan ban iya ɗauke maka ciwo ba, ban iya dawo maka da abokai ba. Abin da na iya ba ka shi ne nasarar da babu tuhuma a cikinta. Ita ka ɗauka ka mayar sadaka, don mutanen da ba su san ka ba su yi hawaye.

Na daina tambayar ko mantuwa ce. Na lura duk lokacin da na ba ka gaskiya, sai ka auna ta da abin da zai yi daɗin kallo, ka yanke inda ya yi maka yawa.

Na'urar taka ce, Babanku kai ya saya wa, ba ni da haƙƙin riƙe ta. Direban da ya kawo maka takardar nan zai miƙa maka kwalin, komai yana ciki. Na kuma yafe maka duniya da lahira, wannan ba abin da nake ja da shi ba ne. Amma ina da umarni ɗaya, a matsayina na wadda ta haife ka. Ka cire ni daga shirinka. Kada ka sake ambato na, da zagi ko da yabo, kuma kada ka karanta musu wasiƙun nan. Ni ma na ce wa Yayarka kada ta ƙara kawo mini wayar.

Ƙofar gida a buɗe take, ɗakinka a share. Duk ranar da ka yi kewata ka zo, ko ka kira. Ka dai kashe abin ɗaukar hoton tukuna.

Babanku yana sa maka albarka. Allah ya kiyaye ka, ya sa ka gama lafiya.

Mahaifiyarka